Makarantar Nan Ta Wa Ce?

A ƙarshen zangon da ya wuce, ran wata Asabar, muka taru a filin makarantar sakandare ta ekklesiyarmu a nan Tudun Wada, Zariya, domin bikin rabon kyauta da sallamar 'yan aji shida. An kafa rumfuna, an jera kujeru, iyaye sun zo da adonsu. 'Yan Birged maza da mata suka yi maci, mawaƙan makaranta suka raira yabo da Hausa da Turanci, 'yan ƙungiyar FCS kuwa suka yi wasan kwaikwayo a kan Yusufu da 'yan'uwansa, har yaron da ya fito a matsayin Fir'auna ya manta maganarsa, jama'a suka yi ta dariya. Shugaban makaranta ya tashi ya karanta labarin shekara: an gama rufin ɗakin kimiyya, gonar makaranta ta yi masara, 'yan ƙwallo sun yi abin kirki, waɗanda suka zauna jarrabawar WAEC bara kuma yawancinsu sun ci. Muka yi tafi, muka gode wa Allah. Mu aka ba addu'ar rufewa.

Da a ce abin ya tsaya nan, da labarin da za mu aiko wa wannan jarida ke nan, layi goma ya isa. Amma sa'ad da mu ke fita, sai muka tarar da wata gwauruwa, 'yar zumuntar matanmu, zaune a bakin ƙofa daga waje da tiren gyaɗa da kunun zaƙi, tana sayar wa baƙin biki. Muka gaisa, muka ce, "Mama, yaya ba ki shigo ciki ba?" Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Baba Fasto, ina so in yi tambaya, kada ka ji haushi. Makarantar nan ta wa ce?"

Mun san abin da ta ke nufi. Lokacin da a ke ginin ajujuwan farko, ita da sauran mata suka yi makonni suna ɗaukar yashi da ruwa a kwanon sarki, tun mijinta yana da rai. Ran da aka ce kowane gida ya kawo kuɗin bulo, ta kawo. 'Yarta ta shiga, ta kai aji biyar, tana kuwa cikin masu ƙoƙari. A tsakiyar zango na biyu aka kira sunanta a taron safe tare da waɗansu, aka ce su koma gida sai an biya sauran kuɗi. Ba ta koma ba har yau. A ranar bikin nan 'yan ajinta ne su ke raba wa baƙi ruwa a ciki.

Ba mu amsa mata a ranar ba, gama ba mu da amsa. Tun daga nan mu ke juya maganar, muna kuwa so mu juya ta tare da ku, 'yan'uwa masu karatu, domin mun san ba a Tudun Wada kaɗai a ke yin wannan tambaya ba. Duk inda ekklesiya ta gina makaranta da baikon talakawa, daga baya kuɗin ya fi ƙarfin talakawan, akwai mai yin ta, ko a fili ko a zuci.

Bari mu fara jin ta bakin ma'aji, gama shi ma ɗan'uwa ne, mai tsoron Allah, ba ya ƙwange ko kwabo. Ya ce mana, "Fasto, malamai da me za su ci abinci?" Gaskiyarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 komai ya tashi, alli da takarda da man janareta da kuɗin mota. A 2024 doka ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, malamin da ya yi shekara huɗu a jami'a kuwa ba zai zauna a kan abin da bai isa buhun hatsi da haya ba. In ba a biya shi ba, zai tafi, waɗanda suka rage kuma za su koyar da ciki babu komai. Wasiƙar Yakubu 5:4 ta yi magana mai zafi a kan wanda ya riƙe hakkin ma'aikaci, 1 Timoti 5:18 ma ta nuna ladan mai aiki hakkinsa ne. Makarantar da ta yafe wa kowa kuɗi, ta bar malamanta wata uku ba albashi, ta ɗauki nauyin gwauruwa ta ɗora wa malami ne kawai, shi ma da 'ya'ya a gida. Saboda haka wanda ya ce makarantar Krista ba ta kamata ta karɓi kuɗi ba sam, bai taɓa zama a ofis ran ashirin da takwas ga wata ba.

Tsofaffi sukan ce da mu, ai a zamanin mishan ba haka a ke yi ba. To, bari mu duba zamanin mishan ɗin, tun da ya ke ga shi nan kusa da mu, a gindin Dutsen Kufena. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. A 1929 aka tashi daga birni aka koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibiti. Daga makarantar mishan ɗin nan ne Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na fari daga Arewa. A St. Bartholomew Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan kuma Yakubu Gowon ya fara, ɗan mai bishara, kafin ya wuce kwalejin gwamnati wadda a ke kira Barewa, shi ne ya riƙe Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Kowa ya san abin da mai bishara ya ke samu a wata a wancan zamani. Da a ce ƙofar makaranta tana buɗewa ga mai kuɗi kaɗai, da ɗan mai bishara bai leƙa ta ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu, karatun nan ba daga sama ya faɗo ba. Akwai masu biya, ba dai iyayen yaran ne su ke biyan duka ba. Turawan mishan ba daga kuɗin makaranta a ke ba su albashi ba, masu bi ne a Ingila su ke tara sule da kwabo suna aikowa, da yawansu kuwa ba masu arziki ba ne. Gwamnati ma tana ba makarantun mishan da ta amince da su gudummawar kuɗi kowace shekara. Yaran da kansu su ke shara, su ɗebo ruwa, su yi noma. Watau tun asali makarantar da talaka ya ke iya shiga, wani ne a gefe ya ke ɗauke da nauyinta. Da aka shiga shekarun 1970, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Sa'ad da ekklesiyoyi suka sake ɗaura ɗamarar gina nasu, Turawa sun tafi, gudummawar gwamnati babu. Muka gina bango da baiko, amma ba mu zauna mun tambayi kanmu ba, wa zai tsaya a gurbin waɗancan masu aiko sule? Da ba mu tambaya ba, sai gurbin ya faɗa kan iyayen yara gaba ɗaya, mai iyawa ya zauna, marar iyawa ya fita.

Wannan ba ciwon ƙasarmu kaɗai ba ne. A Ingila akwai wata makaranta, Eton, wadda Sarki Henry na 6 ya kafa a 1440 domin yara matalauta saba'in su yi karatu kyauta. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta zama inda 'ya'yan sarauta da na attajirai su ke zuwa, har sunanta ya zama alamar gata. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya kori talakawa. Makarantar ta yi kyau, masu kuɗi suka so ta, kuɗi ya hau bisa ga abin da za su iya biya. Su can abin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Tamu ba ta kai ashirin ba.

To, yanzu ga tambayar Mama. Wani dattijo ya ba da amsa a zaman da muka yi, amsar kuwa tana da nauyi. Ya ce abin da mutum ya bayar baiko, ya ba Allah ne, ya fita daga hannunsa. Wanda ya sa kuɗi a kwanon baiko ba ya dawowa gobe ya ce a ba shi rabonsa. Ekklesiya ba adashi ba ce, da kowa zai zuba ya jira ranar kwasarsa. In muka yarda cewa wanda ya ɗauki yashi yana bin makaranta bashi, to, wanda ya ba da buhun siminti hamsin fa? Ashe shi zai ce a ba shi ajujuwa biyu. Mun yarda da dattijon nan a kan wannan, muna kuma ƙarawa da cewa in an bi hanyar adashi, ɗan maƙwabcinmu Musulmi, da marayan da iyayensa ba su taɓa taka majami'armu ba, ba su da wuri ke nan, alhali kuwa Likita Miller bai tambayi yaran birnin Zariya abin da iyayensu suka zuba ba. Saboda haka in Mama tana bin mu wani abu, ba don ta sayi rabo da yashinta ba ne.

Duk da haka akwai abin da ya hana mu kwanciya a kan amsar dattijon. Muka koma muka tuna da abin da aka faɗa daga bagade ran da a ke neman gudummawa. Ba a ce, ku kawo mu gina makaranta domin masu hali su sami wuri mai kyau kusa da gida ba. Da an faɗi haka, da kwanon sarki bai motsa ba. Abin da aka ce shi ne, mu gina domin 'ya'yanmu, kada su tashi cikin jahilci, kada su rasa tarbiyya. Kalmar nan "'ya'yanmu" kowace mace da ke zaune a bencin baya ta ji ta, ta kuwa ga fuskar nata ɗan a ciki. Mu da muka faɗa mun san haka za ta ji, don haka ma muka faɗa. Wannan alkawari ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. Littafin Mai-Wa'azi 5:4-5 ya gargaɗe mu a kan wa'adin da aka yi a gaban Allah ba a cika ba, ya nuna gara a yi shiru tun farko. Gaskiya ne ita ta ba Allah. Amma mu ne muka tsaya a tsakani muka karɓa, da bakinmu kuma muka faɗi abin da za a yi da shi. Ita tana da iko ta ce, na ba Ubangiji, ba na neman komai. Mu ba mu da ikon faɗa mata haka domin mu kuɓuta. Magana ɗaya ce, amma a bakin mai bayarwa ibada ce, a bakin mai karɓa kuwa wayo ne.

Mun sha yin wa'azi a kan gwauruwar nan ta Markus 12:41-44, wadda ta zuba 'yan kuɗinta duka a ma'ajin Haikali, Ubangiji Yesu ya yabe ta. Ran tara gudummawa babu nassin da ya fi shi daɗi a bakin fasto. Sai a kwanakin nan muka lura da ayar da ke gabansa, ta 40, inda Ubangiji ya tsauta wa malaman Attaura domin suna talauta gwauraye suna kuma tsawaita addu'a. Ayoyin nan maƙwabta ne, bango ɗaya. Mu ne kuwa muka yi doguwar addu'ar rufewa a ranar biki.

Akwai kuma yadda aka kore ta. Ko da a ce dole ne a tsai da yaro saboda bashi, ina dalilin kiran sunansa a taron safe, gaban yara ɗaruruwa? An ce don kunya ta sa iyaye su biya da sauri. Watau an ɗauki kunyar yarinya an mai da ita bulala domin a bugi uwarta. Yarinyar ba ta ci bashin kowa ba. Minti biyar kafin nan an karanta mata Littafi Mai Tsarki, an gaya mata Allah ba ya tara, sa'an nan aka nuna mata a aikace cewa a gidan nan akwai masu zama, akwai masu tashi, abin da ya raba su kuwa aljihun uba ne. Yakubu 2:1-9 a kan wannan ya yi magana, mai tufafi masu kyau a ba shi kujera, matalauci a bar shi tsaye. Darasin da yaro ya gani da ido ya fi wanda ya ji da kunne zama, waɗanda suka rage a layi ma sun koyi nasu darasi a ranar. Muna tsoron abin da suka koya ya fi abin da ita ta koya muni.

A nan dole mu faɗi abin da ba mu so faɗa. 'Ya'yanmu biyu suna makarantar nan, rabin kuɗi kuwa mu ke biya, domin an yi doka tun farko cewa a sauƙaƙa wa 'ya'yan fastoci. Ba mu taɓa jin nauyin wannan ba. Muna cewa ai albashin fasto kaɗan ne, haka ne kuwa. Amma ashe makaranta ta san hanyar sauƙaƙawa. Akwai littafin da a ke rubuta sunayen waɗanda a ke ragewa, akwai gurbi a lissafin ma'aji domin wannan. Ba a ce ba shi yiwuwa ba sa'ad da abin ya shafe mu. Waɗanda su ke zama a kwamiti sun tuna da kansu, suka manta da wadda ba ta da kujera a ɗakin. Ba da mugunta aka yi ba, mun tabbata. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, wanda ba ya cikin ɗakin kuwa ba a jin nasa yoyon.

Da muka roƙi ma'aji ya buɗe mana littafi, sai muka ga wani abu kuma. A shekarun da makaranta ta sami rara, akan ɗauki kashi a kai asusun ekklesiya, da shi aka yi tayil ɗin majami'a, da shi aka ƙara na'urar magana. Ba sata ba ce, kowa ya sa hannu, an rubuta. Amma ku duba yadda ruwa ya juya. Da fari ekklesiya ce ta ke ciyar da makaranta domin bishara da taimakon jama'a, yanzu makaranta ce ta ke ciyar da ekklesiya. Ran da makaranta ta zama saniyar tatsa, dole a dubi kowane yaro a ga ko yana kawo nono, wanda ba ya kawowa kuwa ya zama hasara a lissafi. A ganinmu a nan ne asalin kuskuren ya ke, ya fi tsadar man fetur. In an ce makarantar kasuwanci ce ta ekklesiya, to, a faɗa a fili, kasuwanci ba haram ba ne, amma a daina tara mata baiko da sunan 'ya'yan talakawa. In kuwa aikin Ubangiji ce, rararta ta yaran da ba su iya biya ce tun kafin ta zama ta tayil.

Wani zai ce, Fasto, ai akwai makarantun gwamnati, dokar 2004 ma ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, yarinya ta tafi can mana. Ta iya tafiya, ba kuwa abin kunya ba ne, da yawa cikinmu can muka yi karatu, akwai malamai masu aminci a cikinsu. Sai dai ita ta wuce shekara taran nan, tana gab da jarrabawar ƙarshe, ga kuɗin rajista yana jiranta ko ina ta je. Ban da haka, in makarantar gwamnati ta isa ga 'yar gwauruwa, don me ba ta isa ga 'ya'yan fasto ba? Amsar da ba za mu karɓa wa namu ba, bai kamata mu miƙa wa na wani ba.

Ba mu ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta ba, mun riga mun ji ma'aji. Akwai kuma iyayen da su ke da hali, su sayi sabon babur, su bar kuɗin makaranta sai an bi su. Waɗannan a bi su, dattawa sun san gidajensu. A garin da kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa jiya, rarrabe wanda ya ƙi da wanda ya kasa ba shi da wuya kamar yadda a ke faɗi. Abin da ya ke da wuya shi ne a sami mai tashi ya je gidan ya zauna ya tambaya, maimakon a aika da yaro da takarda.

Mun kai maganar gaban kwamiti a watan jiya. An yi gardama har bayan magariba. An yarda ba za a ƙara kiran sunan yaro a taron safe saboda bashi ba, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumunta za su riƙa zuwa gida. An yarda a keɓe kashi daga baikon godiyar kaka domin marayu da 'ya'yan gwauraye, na cikin ekklesiya da na unguwa, a kuma rubuta wa tsofaffin ɗalibai waɗanda Allah ya buɗa musu. Batun hana kai rara asusun ekklesiya kuwa ba a yarda ba, an ce a bari sai taron shekara, gama akwai bashin tayil da ba a gama biya ba. Mun roƙa a ɗauke ragin da a ke yi wa ɗaya daga cikin 'ya'yanmu a mayar wa yarinyar. Waɗansu 'yan'uwa fastoci ba su ji daɗin wannan ba, sun ce mun buɗe ƙofar da za ta dame su, wataƙila kuwa suna da gaskiya. Uwargida ma ta tambaye mu inda za mu samo cikon, ba mu gama ba ta amsa ba tukuna.

Ran Talata muka je gidan Mama da labarin. Ta yi godiya, ta durƙusa, muka ce ta tashi, gama ba kyauta muka kawo ba. Yarinyar tana tsakar gida a kan keken ɗinkin maƙwabciya, inda ta ke koyo tun watanni biyar. Muka ce da ita ta shirya, ran Litinin za ta koma aji. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Baba, 'yan ajinmu sun wuce. In na koma, da ƙannena zan zauna, kowa kuwa ya san dalili." Uwar ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani. Litinin biyu sun wuce, shugaban makaranta ya ce kujerarta tana nan. Muna roƙon masu karatu su sa ta cikin addu'a, in kuma akwai ekklesiyar da ta sami hanyar riƙe irin waɗannan yara ba tare da ta hana malamai hakkinsu ba, ta rubuto wa edita yadda ta yi, domin mu kai wa kwamiti kafin taron shekara.